Cigiyar Ragon Gwaggo

A garinmu in abu ya ɓata, wurin ladan ake zuwa. Bayan sallar la'asar, kafin mutane su fara neman takalmansu, sai ya miƙe ya ce, "Jama'a, ana cigiyar akuya ja mai farin goshi, da guntuwar igiya a wuya. Wanda Allah ya sa ya gani, ya taimaka." Shi ke nan. Zai faɗi launin akuyar, zai faɗi inda aka yi mata ganin ƙarshe, in tana ɗingishi ma zai faɗa. Abu guda ne ba ya faɗa, wato wanda ake zargi. Ko da rabin masallacin suna kallon ɗan wani gida ta gefen ido, bakin ladan ba ya kaiwa nan. Da wannan cigiya na tashi, amma ban taɓa lura da abin da ake bari ba a faɗa ba sai da na yi tawa.

Ni manomi ne ɗan manomi, a wani ƙauye da ba shi da nisa da Kunci, inda gonar wani take ƙarewa a gindin katangar wani. Na yi sakandare, na fito da abin da na fito da shi. Da damina ina bin Baba gona, gero da dawa da gyaɗa. Sauran lokacin kuwa waya ce a hannuna. Ni na buɗe wa samarin garinmu guruf, ni ne admin, kuma in za a faɗi gaskiya muƙamin ya hau mini kai. Na taɓa cire wani daga guruf don ya ce hular da na sa a hoto ta aro ce. Ta aron ce kuwa.

Duk abin da muka sani game da dokar waya daga bakin mai caji muka ji shi. Abokina ne, yana da rumfa a bakin titi da ɗan janareto, kuma ya taɓa zama a birni wurin yayansa, saboda haka in magana ta shafi hukuma shi muke tambaya. Shi ya koya mana cewa in za ka tura saƙo, ka rubuta a ƙasansa "yadda na samu na turo". Ya ce da zarar ka rubuta wannan, ko gaban alƙali aka kai ka ba abin da zai faru, domin kai aike kawai ka isar. Ya kuma ce in ka goge saƙo, laifin ya gogu tare da shi. Sauran dokar, in ji shi, an yi ta ne don mutanen Abuja da masu zagin manya. Wannan magana ta shige mu, domin a garinmu sai ka hau tudun bayan firamare kake samun sabis mai kyau. Mun ɗauka inda sabis yake shan wahalar zuwa, doka ba za ta wahalar da kanta ba.

Ana gab da Babbar Sallah ragon Gwaggo ya ɓata. Yayar Baba ce, mijinta ya rasu, kuma shekara guda ta yi tana ɗura wa ragon nan dusa da harawa don ta sayar a kasuwar layya. Fari ne, mai baƙi a zagayen ido. Ta aika a faɗa wa ladan, sannan ta ce da ni, "Kai mai waya, ka sa a wayar taka ma."

Da safiyar ranar ina zaune a rumfar mai caji, wani mai babur ya wuce da farin rago ɗaure a bayansa, na ɗauke shi hoto. Ba don komai ba. A lokacin duk abin da ya motsa sai na ɗauka. Da Gwaggo ta yi maganarta sai hoton ya faɗo mini. Na duba, rago fari ne. Idonsa bai fito ba, domin ya juya wa kyamara baya, amma fuskar mai babur ta fito tas. Na san shi sama-sama, magidanci ne daga ƙauyen da ke gabas da mu, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ban je na tambaye shi ba, ko da yake tafiyar ba ta kai a gaji ba. Na hau tudun bayan firamare na rubuta: "Cigiya. Ga wanda aka gani da ragon Gwaggo yau da safe. Jama'a a yi hattara da shi." A ƙasa na ƙara, "yadda na samu na turo". A wayata na same shi, ni na ɗauka, ni na rubuta. Amma na sa kalmomin nan, na sauko daga tudu hankalina kwance.

Ban taɓa tura abin da ya yi tafiya irin wannan ba. Kafin magariba ya dawo mini daga wani guruf na Makoda, an ƙara masa cewa mutumin shugaban ɓarayin dabbobi ne. Washegari ya dawo daga Bagwai tare da muryar wata mata tana kuka, tana cewa ita ma ya kwashe mata awaki. Ban san matar ba, ban san awakin ba. Na sake turawa a guruf ɗinmu, na rubuta abin da aka saba rubutawa. Mai caji ya ce mini, "Mutumina, ka zama ɗan jarida." Na ji daɗi. Wannan jin daɗin yana cikin abubuwan da nake neman gafara a kansu.

Ragon kuwa da ƙafarsa ya dawo. Ashe ya tsinke igiya ne ya faɗa wani kangon gida a bayan gari, inda ake tara karan dawa, ya kwana biyu yana cin abin da ba nasa ba. Da ƙishirwa ta dame shi ya shigo gidan Gwaggo ya tsaya a bakin randa. Na hau tudu, na goge saƙona, na dawo na ci tuwo.

Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne sana'ar mutumin. Mata ne ke kiwo a cikin gidaje a yankinmu, kuma yawancinsu ba sa zuwa kasuwa. Mai babur ɗin nan shi suke miƙa wa igiya daga zaure. Ya ɗaure dabba a baya, ya kai tike inda ake cinikin tumaki da awaki, ya sayar, ya dawo ya faɗi yadda aka yi. Ba shaida, ba komai, amana ce kawai. Makonnin kafin layya su ne kakarsa, abin da ya samu a cikinsu da shi iyalinsa ke cin rani. Tun da hoton ya fita ba gidan da ya sake miƙo masa igiya. A tiken Makoda samari suka zagaye shi, da ƙyar dattawa suka fitar da shi, sarkin tike kuma ya ce kada ya sake shigowa sai magana ta fito fili. Duk wannan yana faruwa ina gona ina ɗauka komai ya gogu.

A gonar ɗan sanda ya same ni, muna gyaran kunya ni da Baba. Ya yi sallama, ya gaida Baba da ladabi, ya ce ana son ganina a ofis. Na roƙi mai caji ya raka ni tunda shi ya san doka. Ya raka ni har bakin ƙofa, sannan ya tuna ya bar janareto a kunne.

A ciki na tarar da mai babur zaune a benci, hularsa a gwiwa. Bai dube ni ba. Babban ɗan sandan da ke bayan tebur ya ce, "Kai ne admin?"

"Ni ne, Yallaɓai." Har a wannan lokacin na ɗan ji daɗi da labarin muƙamin ya kai ofishinsu.

"Wa ya turo maka wannan hoton?"

"Yallaɓai, ai na rubuta a ƙasa. Yadda na samu na turo."

"Na gani. A ina ka samu?"

"A waya."

"Wayar wa?"

"Tawa."

"Wa ya sa shi a ciki?"

Wani ɗan sanda da ke cin gyaɗa a gefe ya ce, "Aljanu ne, Oga."

Sai na fito da ɗaya makamin. Na ce, "Yallaɓai, ai na goge."

Ya zaro wayarsa daga aljihu, ya latsa, ya juyo mini da ita. Ga hoton, ga rubutuna, ga muryar matar nan mai kuka. Ya ce, "Matata ta turo mini. Ita ma ta rubuta yadda ta samu ta turo." Sannan ya yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa yaro alwala. Ya ce ɓata wa mutum suna laifi ne, da baki ka yi ko da yatsa. Ya ce akwai doka a kan yaɗa ƙarya ta intanet, kuma ba ta tambayar ko garinku akwai sabis. Ya ce da an taɓa lafiyar mutumin nan a kasuwa, da yanzu wata maganar muke yi. Kalmomin da nake rubutawa a ƙasa kuwa, ya ce ban da ɓata data ba abin da suke yi. Ya ce in mai ƙara ya so, kotu za a je, kuma daga kotu ana wucewa gidan yari.

Baba ya iso a lokacin, da ƙasar gona a ƙafarsa. Ya durƙusa gaban mai babur, mutumin da a shekaru Baba ya haife shi, ya ce, "Malam, ɗana ne, ni na gaza. A yi mana rai, a mai da maganar gaban dagaci." Ban taɓa ganin Baba ya durƙusa wa kowa ba sai a sallah. Mai babur ya kama hannunsa ya ɗaga shi, ya ce, "Baba, tashi. Ni in an ɗaure shi ba rago ko ɗaya da zai hau babur ɗina. Sunana nake so kafin kasuwar Sallah ta watse."

A gaban dagaci aka ce in rubuta gaskiya in tura a inda na tura ƙarya. Na ce wannan mai sauƙi ne. Na hau tudu na rubuta doguwar wasiƙar ban haƙuri, na ce rago ya dawo, mutumin ba ɓarawo ba ne. Mutum ɗaya ya sa hoton babban yatsa. Wani ya tambaya ko akwai wanda ya san farashin taki. Ba wanda ya tura wa kowa. Na jira ta dawo mini daga Makoda ko Bagwai, ba ta dawo ba. Mai caji, wanda ya kashe janaretonsa zuwa lokacin, ya ce matsalar ita ce ba kuka a ciki.

Kasuwa ta ci ta watse, wata ta ci, mai babur yana zaune a ƙofar gidansa yana goge babur ɗin da ba ya zuwa ko'ina. Ya koma wurin dagaci. Dagaci ya aiko aka kira ni, ya ce, "Wayar ta tafi da sunansa, amma ba ta iya dawowa da shi ba. To ka bi sawu da ƙafarka. Duk gidan da yake ɗaukar dabba, ka je ka faɗa da bakinka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da abin hawa."

Mai babur ya ce, "Ina da shi. Admin, hau. Zauna inda ragon ya zauna."

Haka muka fara. Namiji baligi ba ya shiga gidan mutane, saboda haka a zaure ko a gindin katanga nake tsayawa in ɗaga murya. Shi kuma yana kan babur, ya harɗe hannu, yana kallon sama. Abin da aka ce in faɗa ba shi da tsawo: ni na ɗauki hoton, ni na rubuta, ban samo daga kowa ba, ƙarya na yi, ragon Gwaggo yana gida.

A gidan farko na yi sallama, wata murya daga ciki ta ce, "Waye?"

"Ni ne, Inna. Mai hoton nan."

"Au, ɗan jaridar ne! Ku zo ku ji, ga labaran duniya sun zo har gida."

Na faɗi abin da zan faɗa. Ta ce, "Ɗaga murya, ana daka." Na ɗaga. Ta ce in maimaita, surukarta tana banɗaki ba ta ji ba. Na jira surukar ta fito, na maimaita. Surukar ta ce ita dama ba ta yarda ba tun farko. Daga kan babur mutumin ya ce, "Hajiya, ke kika fara aiko yaro ya ce in bar zuwa." Sai ƙarar taɓarya ta ci gaba a cikin gidan.

Wasu gidajen sun yi dariya, wasu sun yi mini faɗa, wata ta miƙo mana kunu ta kan katanga ta ce a ba mai babur, ni in sha iska. A wani gida maigidan ne ya fito, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Mun ji." Mai babur ya ce, "To tunkiyar da aka ce in zo in ɗauka fa?" Ya ce, "An ba wani." Da muka bar wurin mai babur ya bi ta kan kowane rami da ke hanyar, kuma ban yi ƙorafi ba.

A ƙauyensu ya tsaya a ƙofar wata tsohuwa. Ita ta fito da kanta har zaure. Na fara karatuna, ta katse ni. Ta ce, "Ragon da ke cikin hoton nawa ne. Ni na ba shi, ya sayar, ya kawo mini abina. Me ya hana ka tambaye ni?"

Na ce, "Inna, ba kya cikin guruf."

Ta ce, "Ina cikin gidana. Ba inda na je."

Ranar kasuwar Makoda ya kai ni tike. Sarkin tike ya sa aka kawo benci na hau, a tsakiyar raguna da dillalai. Na fara, wani rago kuma ya riƙa amsa mini duk lokacin da na tsaya numfashi. Da na kai wurin "ƙarya na yi" hawaye suka zo mini, ban gayyace su ba. Na ga an ɗaga wayoyi ta ko'ina. Kafin mu iso gida bidiyon ya riga mu. Ya je Bagwai, ya je Kunci, ya je wurin ƙanin Baba da ke Legas, wanda ya bugo yana tambaya ko an yi rasuwa. A wani guruf an rubuta a kansa cewa an kama ɓarawon rago yana kuka. Na nuna wa mai caji, na ce ba wanda ya nemi izinina, kuma wannan ma ƙarya ce. Ya duba ya ce, "Ai sun rubuta yadda suka samu suka turo." Na dube shi, ya dubi janareto.

Amma duk wanda ya buɗe bidiyon don ya ga ɓarawo, abin da ya ji shi ne bakina yana wanke mai babur. Sarkin tike ya ce ƙofa a buɗe take. Sai dai buɗe ƙofar tike ba ya sa rago a kan babur. Mata sun ji, sun yi dariya, amma kowacce tana jiran wata ta fara. Sallah kuma ta matso har an fara wanke kaya.

Gwaggo ba ta yi mini magana ba tun ranar da ɗan sanda ya zo. Na je gaishe ta, ta amsa wa bango. Da na matsa da ban haƙuri ta ce, "Ni cigiyar rago na ce ka yi. Ban ce ka yi cigiyar mutum ba." Ana jibi kasuwar ƙarshe kafin Sallah ta aiko a kira ni, ta ce in je in ce wa mai babur ya zo ranar kasuwa, kuma kada ya zo da asuba, ya bari sai rana ta fito mutane sun cika titi.

Ya zo da hantsi. Gwaggo ta jawo ragon da kanta har ƙofar gida, farin nan mai baƙi a zagayen ido, wanda duk abin ya faru a kansa kuma bai rame ko kaɗan ba. Ta miƙa wa mutumin igiya a gaban masu shayi da masu jiran mota. Ta ce, "Malam, ga shi. Yadda ka sayar daidai ne. Kuma kada ka bi ta bayan gari, ka bi ta tsakiya, a hankali."

Ya karɓi igiyar. Ya ɗan jima yana duban ta kafin ya ce, "Admin, kama ƙafafun baya." Na kama, ragon ya harbe ni a ciki, muka ɗora shi muka ɗaure.

Gwaggo ta ce, "To mai waya, yanzu ɗauki hoton."

Na ciro wayar, sai na tsaya. Na ce, "Malam, in ɗauka?"

Ya gyara hularsa, ya juyo da kan ragon yadda idon zai fito. Ya ce, "Ɗauka. Amma ka rubuta cewa kai ka ɗauka."

Na rubuta haka. Wannan hoton bai yi nisa ba, bai ko fita daga guruf ɗinmu ba. Amma babur ɗin ya bi ta tsakiyar gari a hankali kamar yadda aka ce, kuma kafin ya kai ƙarshen layi na ji wata murya daga bayan katanga tana cewa in ya dawo ya biyo, akwai tunkiya. Ranar ya yi ta kai da kawowa har la'asar. Bai mai da abin da ya rasa a makonnin baya ba, kuma gidan da aka ce "mun ji" har yau wani suke ba dabbarsu. In na wuce ta ƙofar gidan nakan tuna cewa aikina ne.

Har yanzu ni ne admin, domin na ce wani ya karɓa ba wanda ya yarda. Ba zan ce yatsana ya daina ƙaiƙayi ba. In an turo abu mai zafi nakan ji shi yana son tafiya, sai in sa wayar a aljihu in sauko daga tudu. In dabba ta ɓata nakan rubuta launinta, da inda aka yi mata ganin ƙarshe, da ɗingishinta in tana yi. Mai babur kuwa in ya wuce ta rumfar mai caji da rago a baya, yakan rage gudu ya ce, "Admin, ka gan shi da kyau? Ko in juyo maka da fuskarsa?"